Zuba Man 2T A Tankin Dizal: Gyara Ne Ko Jawo Wa Kai Aiki?

Filin Tambaya Da Amsa Kan Motoci

Wasiƙu huɗu ne suka iso wannan fili a kan magana guda, wato ɗaukar man nan da ake gauraya wa fetur a ƙaramin janareto da Vespa da babura irin na da, wanda ake rubuta 2T a jikin robarsa, a zuba shi a tankin a-kori-kura mai shan dizal. Mun taƙaita wasiƙun, kuma da yake motocin masu tambayar ba iri ɗaya ba ne, amsoshin ma sun bambanta.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Hilux mai injin dizal, irin wanda kanikawa ke kira 5L, ina ɗaukar albasa da ita daga ƙauyukanmu zuwa Sakkwato, wani lokaci har in tsallaka Birnin Ƙwanni. Bara na kashe kuɗi masu yawa wajen gyaran famfon mai, sai bakaniken da ya yi mini aikin ya ce gas ɗin yanzu ya bushe, ba shi da maiƙo irin na da, saboda haka in riƙa zuba rabin robar 2T duk lokacin da na sha mai, har ya ce haka masu irin wannan mota suke yi a Amurka. Yayana kuwa cewa ya yi asarar kuɗi ce kawai. Wace magana zan kama?

Daga wani direba a Illela, Jihar Sakkwato.

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Bakanikenka bai ƙirƙiri wannan magana ba, tana da tushe, sai dai tushen nata yana wata ƙasa ne, kuma kafin ta iso Illela ta zubar da rabin bayaninta a hanya.

A injin dizal mai yana yin aiki biyu. Na farko shi ne wanda kowa ya sani, ya ƙone ya ba da ƙarfi. Na biyu kuwa, kafin ya kai ga ƙonewa, shi ne yake shafe ƙarafan da ke cikin famfon mai da nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, don kada su ci juna. Famfon da ke jikin 5L irin mai juyawa ne, samfurin da kamfanin Bosch ya fito da shi da sunan VE, wanda Denso ma ke ƙerawa, kuma baƙin mai ba ya shiga cikinsa ko ɗigo. Duk abin da ke motsi a ciki a cikin dizal yake iyo, saboda haka idan man ya rasa santsi, famfon ne zai fara ɗanɗana kuɗarsa. Har zuwa nan babu kuskure a maganar bakanike.

Matsalar bushewar dizal ta fara bayyana ne a Suwidin a farkon shekarun 1990, lokacin da ƙasar ta riga sauran Turai fito da dizal da aka tace sinadarin salfa, wanda Bahaushe ya sani da farar wuta, daga cikinsa kusan gaba ɗaya domin rage gurɓatar iska. Ba a jima ba famfuna masu juyawa suka fara mutuwa a motocin da ba su yi wata doguwar tafiya ba. Da aka bincika sai aka gane cewa ba salfar ce kanta ke kawo santsin ba. Hanyar da matata ke bi wajen fitar da ita, ta yin amfani da iskar haidirojin cikin zafi da matsi, ita ce take kwashe wasu sinadarai na daban waɗanda suke manne wa ƙarfe su yi masa riga. Maganin da aka samo shi ne matatu da manyan dillalai su riƙa mayar da santsin ta hanyar zuba wani sinadari ɗan kaɗan kafin man ya bar ma'aji, aka kuma kafa ma'aunin da za a riƙa gwada shi da shi.

Yana da kyau ka san yadda gwajin yake, domin a kansa gardamar take. Ana nitsar da ɗan faifan ƙarfe a cikin man da ake son gwadawa, a ɗumama shi zuwa digiri 60, sannan na'ura ta yi ta goga wata 'yar ƙwallon ƙarfe a kansa har minti 75, daga nan a duba faɗin tabon da ya fito a jikin ƙwallon. Idan tabon ya yi faɗi, man ba shi da santsi ke nan. Ƙa'idar Turai, EN 590, ta ce kada tabon ya wuce maikiron 460, ta Amurka kuwa, ASTM D975, ta yarda har zuwa 520, shi kuma maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Da Amurka ta koma dizal mai salfa kashi 15 cikin miliyan a shekarar 2006, sai masu manyan a-kori-kura na Ford da Chevrolet da Dodge suka lura cewa ƙa'idar ƙasarsu ta fi sassauci a kan abin da masu ƙera famfo suke so, suka shiga neman abin da za su ƙara da hannunsu, kuma man 2T shi ne mafi arha, ga shi yana narkewa cikin dizal ba tare da rabuwa ba, ga shi daman an yi shi ne don a ƙone shi. Tsoron nasu ya ƙaru bayan shekarar 2011, da wani famfon Bosch mai suna CP4 ya yi ƙaurin suna wajen farfashewa ya watsa garin ƙarfe cikin bututu da nozul da tanki, har ta kai ga masu ƙera motar Ram sun yi kiranyen fiye da motoci 200,000 a shekarar 2021 don a sauya shi. Daga can wannan al'ada ta bazu, ta shiga Afirka ta Kudu da Ostareliya, ta iso garejojinmu.

To, yana aiki kuwa? Gwaji biyu ne aka fi kafa hujja da su, kuma da ganin farko sai mutum ya ce sun saɓa wa juna. A shekarar 2007 wasu masu a-kori-kura a Amurka sun haɗa kuɗi aka gwada musu abubuwa iri-iri da ake zubawa a dizal, sakamakon ya nuna cewa man 2T na injin kwale-kwale, a kan ma'aunin lita ɗaya cikin lita 200, ya rage faɗin tabon sosai, ko da yake abin da ya zo na ɗaya shi ne dizal ɗin da ake yi da man waken suya, wanda aka zuba kashi 2 cikin ɗari. Daga baya kamfanin mai na Sasol a Afirka ta Kudu ya yi nasa binciken a kan wannan ma'auni, ya ce amfanin da 2T ya yi wajen ƙara santsi bai taka kara ya karya ba, bai ƙara wa inji ƙarfi ba, bai rage shan mai ba, sai ma dauɗa da ya tara a bakin nozul. Mai karatu zai iya cewa ai Sasol mai sayar da dizal ne, ba zai so a ce mansa yana da naƙasa ba, kuma wannan zargi ne da ya halatta a yi. Amma ainihin bambancin yana cikin man da aka gwada. Amurkawan sun yi amfani da ɗanyen dizal ne wanda ba a riga an zuba masa sinadarin santsi ba, irin wanda ba a sayarwa a gidan mai, kuma busasshen mai irin wannan kusan duk abin da ke da maiƙo zai taimake shi. Man da aka riga aka gyara kuwa ya riga ya yi wa ƙarfe rigar da yake buƙata, ƙarin da ka yi bisa kai ba ya da inda zai zauna.

Mu dawo gida. Shekaru masu yawa ƙa'idar Najeriya ta yarda da dizal mai salfa har kashi 3,000 cikin miliyan, wato ninki 300 na abin da Turai ta amince da shi tun 2009, kuma irin wannan mai, duk da illarsa ga huhu da kuma baƙin mai, ba a san shi da bushewa ba. Lamarin yana sauyawa: Ghana ta sauko zuwa kashi 50 cikin miliyan a shekarar 2017, ƙungiyar ECOWAS ta amince da wannan iyaka a 2020, matatar Dangote kuma ta fara fitar da dizal a 2024. Saboda haka batun santsi zai ƙara muhimmanci a wurinmu, amma nauyinsa yana kan matatu da masu shigo da mai da hukumar NMDPRA mai sa musu ido, kamar yadda yake a ko'ina, domin su ne suke da sinadarin da aka yi musamman don wannan aiki da kuma na'urar gwada shi.

Abin da ya fi kashe famfo a hanyoyinmu wani abu ne daban, kuma na gan shi da idona. Na taɓa zama a shagon wani dattijo mai gyaran famfon dizal a Kano, aka kawo masa na wata Hilux da mai ita ya rantse bai taɓa shan mai ba tare da ya bi shi da 2T ba. Dattijon bai yi gardama ba. Ya kwance ƙasan filtar da aka zo da ita ya tsiyaye abin da ke ciki a wata tsohuwar kwalbar lemo, ya ajiye ta a kan benci, ya ci gaba da kwance famfon. Kafin ya gama, kwalbar ta rabu biyu: sama dizal, ƙasa kuwa ruwa mai launin shayi, kaurin yatsa biyu, da wani baƙin laka kwance a gindi. Sannan ya zaro sandar da ke tura mai daga cikin famfon, ya goge ta da gefen rigarsa ya miƙo mini, sai ga ɗigo-ɗigon tsatsa a jikinta da zane-zane a tsaye kamar an ja ta a kan yashi. Ya ce wannan aikin ruwa ne da ƙura, kuma da mai motar ya kashe kuɗin 2T ɗin nan a kan filta ta gaskiya da ba su haɗu ba. A ganina, sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Man 2T ba ya fitar da ruwa daga tanki, ba ya tace ƙasar da ke cikin jarkar 'yan bumburutu, ba ya kuma gyara gurɓataccen man da aka dafa a daji aka shigo da shi kasuwa.

Ga hukuncina a kan motarka. Injin 5L mai haƙuri ne, ramukan nozul ɗinsa ba su da ƙanƙanta irin na motocin zamani, kuma ba shi da matatar hayaƙi a salansa, saboda haka 2T mai kyau, a daidai ma'auni, da wuya ya yi masa wata illa ta kusa. Sai dai idan a gidan mai na kirki kake shan mai, yayanka ya fi kusa da gaskiya. In kuma hankalinka ba zai kwanta ba sai ka zuba, to ka gyara ma'aunin, domin rabin roba a kowane shan mai ba ma'auni ba ne. Lita ɗaya cikin 200 na nufin mililita 5 a kowace lita, wato mililita 125 a jarka mai lita 25, ko 400 a tanki mai lita 80 da aka cika daga ƙasa. Idan lita 40 ka saya ka bi ta da rabin lita, ka koma ɗaya cikin 80, fiye da ninki biyu na abin da masu yin abin suke yi, kuma wannan rarar ba ta da inda za ta je sai bakin nozul da kan fistan. Ka nemi wanda aka rubuta TC-W3 a jikinsa, wato na injin kwale-kwale wanda ba ya barin toka, ko aƙalla JASO FC ko FD, ka guji wanda ake aunawa a kwalba a bakin titi, tunda ba ka san abin da ke ciki ba. Ka zuba shi kafin man domin ya gauraya.

Abin da zan fi so ka riƙe kuwa shi ne ka tsiyaye ruwan da ke ƙasan filta a kai a kai, musamman da damina, ba sai fitilar gargaɗi ta kama ba. Ka sauya filta da ta asali kafin lokacinta idan kana yawan shan man jarka. Kada ka bari tanki ya ƙafe har famfo ya ja iska, domin man da ke kewayawa a cikinsa shi ne yake sanyaya shi. Idan kuma dole ta sa ka sayi man duro, ka bar shi ya kwana ya kwanta, ka ɗebi na sama ka bar na gindi.

Tambaya ta biyu

Ina da gonar kaji, kuma muna da Hilux ƙirar 2018 mai injin dizal 2.4 da muke kai ƙwai da ɗauko abincin kaji da ita. Na gano cewa direbana ya yi kusan wata biyu yana zuba 2T a tanki, yana sa kuɗin a lissafin mai, ya ce duk direbobin tasha haka suke yi. In bar shi ya ci gaba? Kuma ko ya riga ya lalata mini inji?

Daga wata mai gonar kaji a Zariya.

Amsa

Hajiya, ki dakatar da shi, amma kada hankalinki ya tashi. Wata biyu a ma'auni mai sauƙi ba ya kashe inji, kuma da alama direban da kyakkyawar niyya ya yi, ya ɗauko dabarar tsofaffin motoci ne ya ɗora wa wadda ba irinsu ba.

Injin motarki shi ne 2GD, daga jerin da Toyota ta fara sa wa Hilux a shekarar 2015, kuma yana aiki ne da tsarin da kanikawa ke kira kwaman-rel, inda famfo ke tara mai a cikin wani bututu mai kauri, kwamfutar motar kuma ta riƙa buɗe kowane nozul sau da dama a bugu guda. Ƙarfin matsin da ke cikin wannan bututu yakan kai 1,600 zuwa 2,000 ko fiye a ma'aunin matsi da ake kira bar, alhali iskar da ke cikin tayar motar ba ta wuce 2 zuwa 3 ba. Ramukan da man ke fita ta cikinsu kuwa faɗinsu bai fi na silin gashi ɗaya ko biyu ba, kuma an tsara su ne su watsa man kamar hazo. Dauɗar da tsohon inji zai haɗiye ya wuce, a nan tana iya rage man da ke fita ko ta karkatar da feshin, sai mota ta fara rasa ƙarfi a hawa, tana rawa idan tana tsaye, tana baƙin hayaƙi, shan mai kuma ya ƙaru.

Babban abin gudu shi ne sinadarin zinki. Masu ƙera motoci a Turai suna da wani sanannen gwaji da suke yi da injin Peugeot mai suna DW10 don ganin yadda nozul ke toshewa, kuma abin da suke yi don su gaggauta toshewar shi ne su zuba zinki kashi ɗaya tak cikin miliyan a man. Wannan ya isa ya nuna miki ƙanƙantar abin da ke iya jawo matsala. Binciken Sasol da na ambata a sama ya sami ɓurɓushin zinki a man 2T na kasuwa, ya kuma danganta dauɗar da aka gani a nozul da shi. Saboda wannan dalili ne ma ba a ajiye dizal a bokiti ko duron da aka yi wa farin shafen zinki irin na kwanon rufi, kuma yana da kyau ki duba mazubin da ake ajiye man janareton gonarki.

Akwai kuma batun matatar hayaƙi, wadda ake kira DPF, da ke jikin salansar galibin motocin dizal da aka ƙera don kasuwar Turai daga wajen 2012, waɗanda da yawansu ke shigo mana a matsayin 'yan Kwatano. Tana kama baƙin hayaƙi ta ƙone shi lokaci-lokaci, amma tokar da ta fito daga sinadaran ƙarfe ba ta ƙonewa, sai dai ta yi ta taruwa har matatar ta cushe. Ki sa a duba miki ko motarki tana da ita. Ko ma babu, littafin motar bai ba da izinin zuba wani mai a cikin dizal ba, kuma a motar da ke da garanti wannan kaɗai ya isa hujjar da dillali zai ƙi ɗaukar nauyin gyara. Nozul huɗu na irin wannan inji, tare da kuɗin shigar da lambobinsu cikin kwamfutar motar, ba ƙaramin kuɗi ba ne, kada garin neman gira a rasa ido.

Ba sai an zubar da man da ke tanki ba. A ci gaba da ƙara tsabtataccen mai a kansa har ya ƙare, a sauya filta da ta asali, idan kuma kin lura da ɗaya daga alamomin da na lissafa, a kai ta wurin mai na'urar duba kwamfutar mota ya karanta yadda kowane nozul ke ba da mai kafin a kwance komai.

Tambaya ta uku

Ni direban Land Cruiser ne mai buɗaɗɗen baya, injin 1HZ, ina aiki tsakanin Agadas da wuraren haƙar zinariya. A can babu gidan mai, gazuwal, wato dizal, na duro muke saye, wani lokaci za ka ji yana warin kananzir, in ka murza shi a yatsa ka ji ba shi da jiki. Idan na zuba 2T nakan ji ƙarar inji ta yi laushi. Wannan ba hujja ba ce cewa yana aiki?

Daga wani direba a Agadas, Jamhuriyar Nijar.

Amsa

Malam, a cikin masu tambaya huɗun nan kai ne kake da hujja mafi ƙarfi, sai dai hujjar tana cikin yatsanka ne da hancinka, ba a kunnenka ba. Kananzir da man jirgin sama sun fi dizal tsinkewa kuma santsinsu kaɗan ne, har sojojin Amurka da suka riƙa zuba man jirgi a motocinsu na dizal sun sha fama da zaizayewar famfo mai juyawa, irin wanda ke jikin 1HZ. Man da aka sirka da kananzir shi ne ya fi kama da busasshen man da aka yi gwajin 2007 da shi, saboda haka idan kana tsakiyar sahara, babu wani mai sai wannan, zuba 2T mai kyau a kan mililita 5 a kowace lita dabara ce mai ma'ana, ni ma da zan yi. Wanda ya fi shi shi ne sinadarin da aka yi musamman don ƙara wa dizal santsi, idan ka samu na gaskiya ka riƙa tafiya da shi, domin 'yar ƙaramar roba tana isar tankuna da yawa. Amma ka bambanta warin kananzir da na fetur. Idan fetur ne aka sirka da shi da yawa, babu adadin 2T da zai mayar da shi dizal, kuma mota mai nauyin kaya a cikin rairayi da zafin rana ba wurin gwada irin wannan mai ba ne.

Game da laushin ƙara, mutane da yawa suna faɗin haka, kuma ban ce ƙarya suke yi ba, sai dai kunne yana da saurin gaskata abin da aljihu ya biya. Ƙarar injin dizal tana da alaƙa da saurin kamawar man bayan an fesa shi, abin da ake aunawa da lambar siten, kuma gwaji ya nuna cewa kashi ɗaya cikin 200 na 2T ba ya motsa wannan lamba yadda za a ji. Lokacin da kake zubawa shi ne lokacin da ka ƙara sabon mai, inji kuma ya riga ya yi zafi, kowanne daga cikin biyun yana iya sauya ƙara. Idan kana son ka tabbatar, ka sa yaron motarka ya riƙa zubawa wani lokaci, wani lokaci ya ƙi, ba tare da ya gaya maka ba, yana rubutawa, kai kuma kana faɗin abin da kunnenka ya ji, bayan shan mai goma ku kwatanta.

Tambaya ta huɗu

Idan 2T ya yi tsada, ba zan iya zuba baƙin mai na inji ba, ko man giya, ko ma wanda aka juye daga mota bayan an tace shi da ƙyalle? Ai duka maiƙo ne.

Daga wani mai a-kori-kura ƙirar L200 a Potiskum.

Amsa

A'a, Malam, ko ɗaya kada ka zuba. Abin da ya sa ake ma tattauna 2T shi ne an yi shi don ya ƙone tare da mai ya bar toka kaɗan ko ya ƙi bari sam. Baƙin mai an yi shi ne don ya zauna a cikin inji ya jure zafi, kuma da gangan ake cika shi da zinki da fosfaras da kalsiyam, zinkin da ke cikinsa yakan kai wajen kashi dubu cikin miliyan, saboda haka ko a ma'aunin ɗaya cikin 200 ka zuba shi, ka ninka abin da ake toshe nozul da shi a ɗakin gwaji sau da yawa. Man giya ma yana da nasa sinadaran da ba a yi su don ƙonawa ba. Wanda aka juye daga mota kuwa ya fi duka muni, domin yana ɗauke da garin ƙarfen da ya goge daga ringi da biyarin, da baƙin hayaƙi, da tsamin da ya taru a cikinsa, kuma waɗannan ƙwayoyi sun fi ramin saƙar kowane ƙyalle ƙanƙanta nesa ba kusa ba, za su wuce kai tsaye su shiga tsakanin ƙarafan famfo inda tazarar ba ta wuce 'yan maikiron ba. Idan kana son ganin abin da baƙin mai ke bari idan ya ƙone, ka je wurin mai gyaran ƙananan janareto ka ce ya nuna maka fulogi da bakin salansar wanda mai shi ke haɗa fetur da baƙin mai maimakon 2T, za ka tarar yana kankare baƙar dauɗa mai tauri da tsinken waya kafin injin ya yarda ya tashi.